Ƙanƙarar Hamsin

Gidanmu na Gwammaja, lungu na uku bayan famfo,
inda aka rubuta da gawayi a jikin bango:
ANA SAYAR DA ƘANƘARA.
Ni na rubuta. Har yau layin a karkace yake.

Bayan la'asar yake zuwa.
Ina gane sallamarsa tun kafin ya kai ƙarshenta,
murya ce da ba ta yanke shawara ba tukuna
ko ta yaro ce ko ta babba.
"A ba ni ta hamsin."
Kullum ta hamsin. Kullum takardar a miƙe sumul,
kamar dutsen guga ya kwana a kanta.

Nazifi. A bakin ƙanena na tsinci sunan,
ban tambaya ba, wallahi, shi ya faɗa.
Na ɓoye shi a bangon littafin kimiyya,
mitsi-mitsi, da fensir, don in iya gogewa.
Ban goge ba.

Ta bayan ƙyaure nake miƙa ledar,
sanyi na cizon yatsuna, fuskata kuwa bakin murhu.
Bai taɓa duban idona ba.
Takalmina ya haddace, ni ma na haddace nasa:
silifa shuɗi, an ɗaure igiyarsa da zaren buhu.

Halifa ne ya fasa ƙwan, muna tsakiyar tuwo:
"Umma, gidan su Nazifi fa sola gare su,
firjinsu biyu, har da na tsaye."
Loma ta tsaya min a maƙogwaro.
Yaya Rumasa'u ta ƙware da dariya.
Umma ta ce, "Ci abincinka," ba ta ɗago ba,
amma na ga gefen bakinta.

Sai taransifoma ta ƙone.
Unguwa ta yi duhu, firji ya koma tulun ruwan ɗumi,
zoɓon Umma ya yi tsami muka tuttular a kwata.
Na ce shi ke nan, ciniki ya mutu,
kowa ya kama gabansa.

Kwana na huɗu, sai ga sallama.
Abba ne a zaure, yana ƙirga cinikin a-daidaita-sahu.
"Samari, ƙanƙara a wannan duhun?"
Shiru.
Ina bayan labule, na riƙe numfashina da hannu biyu.
"A'a, Baba… dama… littafin lissafi ne."
"To, zauna."

Ɗan waye kai, aji nawa, izu nawa,
me kake son zama in Allah ya raya?
Har aka kira magariba yana amsawa,
gumi na bin wuyan rigarsa.
A ƙarshe Abba ya ce, "Ka ci jarrabawa tukuna.
Gidan nan ba tashi zai yi ba."

Da dare na ce kaina ke ciwo.
Umma ta zo ta zauna gefen tabarmata da mafici,
ta daɗe tana korar sauro kafin ta ce:
"Bahijja, ubanki ashana yake saye a teburin Innata a Fagge,
kwali ɗaya kullum, shekara guda cur,
mutumin da ko shayi bai iya dafawa ba.
Ran da aka kai ni, na same ta cike da bokiti."
Na cusa fuskata a cinyarta.
Ban san ko dariya nake ba.

Jiya wuta ta dawo, yara suka ɗauki ihu har titi.
Na ɗura ruwa a leda saba'in,
na tura ɗaya can ƙasa, inda hannun Halifa ba ya kaiwa.
Saura wata bakwai jarrabawa.

Takardun hamsin ɗin nan kuwa,
duk na musanya su da kuɗin tarata.
Suna shafi na casa'in da biyu.
Su ba sa narkewa.